Amsoshin Tambayoyinku: Corolla Za Ta Iya Jan Tirelar Gona?

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne a Kano, ina kuma taɓa noman rani a wajen Kadawa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Amurka, mai giyar otomatik. Kuɗin hayar mota ya fara fin ƙarfina: yau kai taki, gobe kai injin ban ruwa, jibi ɗauko tumatir. Wani mai walda a unguwarmu ya ce zai haɗa mini ƙaramar tirela mai taya biyu, ya kuma liƙa mini ƙugiya a bayan motar. Ya tabbatar mini buhun taki 15 ba komai ba ne a wurinta. Shin motar za ta iya? Me zan kiyaye a hanya? Sannan ranar da babu kaya, zan iya ɗaukar 'yan ƙwadago a ciki?
Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Allah ya sa wa noman albarka. Na ji daɗi da ka yi tambayar nan tun ba a sa wa ƙarfe wuta ba, domin yawanci sai an gama haɗawa, an biya kuɗi, sannan a zo neman shawara, a lokacin kuwa mutum ba ya son jin komai sai "ai babu matsala".

Motarka za ta iya jan ƙaramar tirela. Kamfanin da ya ƙera ta ma ya yarda da haka, ya rubuta a littafinta. Amma ba buhu 15 ba, kuma ba da ƙugiyar da aka liƙa da walda ba. Zan bi maka dalilan a hankali, ka yi haƙuri idan na daɗe a wasu wuraren.

Ka taɓa tsayawa ka kalli mai ruwa da kurarsa? Jarka goma ya jera, kowace lita 25, wato kilo 250 na ruwa kawai, ban da nauyin kurar. A shimfiɗaɗɗen wuri yana tura ta cikin sauƙi, har yana gaisawa da mutane. Amma da ya zo gangarar kwalbati sai ka ga ya kwanto baya, ya kafe dugadugansa, silifas na jan ƙasa, jijiyoyin hannunsa sun tashi, kurar ce ke jan sa. Ƙarfin da ya ishe shi turawa bai ishe shi tsayarwa ba. Halin da ƙaramar mota ke shiga ke nan idan ta janyo nauyin da ya fi ƙarfinta. Mai waldanka bai yi maka ƙarya ba da ya ce motar za ta ja buhu 15. Za ta ja. Za ta tashi daga ƙofar gidanka, ka hau titin Zariya kana ganin ai shi ke nan. Sai ranar da mai babur ya faɗo maka a Kura, ko akuya ta gilma, ka taka birki, a nan za ka ji abin da ke bayanka yana ingiza ka gaba kamar ba ka taka komai ba. Birkin Corolla da nauyin Corolla da na mutanen cikinta aka auna shi.

To, nawa aka yarda ta ja? Ga Corolla 'yar Amurka ta waɗannan shekarun, iyakar da kamfanin Toyota ya sa ita ce laba 1,500 a ma'aunin Amurkawa, kimanin kilo 680, kuma wannan ya haɗa tirelar da kayan cikinta gaba ɗaya. Sannan da zarar nauyin ya wuce laba 1,000, kimanin kilo 450, dole tirelar ta kasance tana da birkin kanta.

Bari mu yi lissafin da takinka. Buhun taki kilo 50 ne, buhu 15 ya tashi kilo 750. Tirelar da za a haɗa maka da ƙarafa da faranti da tayoyi, a ce ta yi kilo 200 ita kaɗai, kuma masu waldanmu sun fi son yin abu da kauri, saboda haka tana iya wucewa. Jimla kilo 950. Motarka, babu kowa a cikinta, ba ta kai kilo 1,200 ba. Ka ga ke nan ka ɗaura mata abin da ya kusa kai nauyinta, ba shi da birki ko kaɗan, ya kuma ninka abin da aka yarda wa tirela marar birki sau biyu da ɗoriya. Tirela marar birki a bayan motarka iyakarta kilo 450. Cire 200, saura 250. Buhu biyar ke nan. Na san ba ita ce lambar da kake son ji ba, amma ita ce gaskiyar.

Idan ka samu tirela ta kamfani mai birkinta, za ka iya hawa zuwa kilo 680 ɗin, wato buhu takwas ko tara, gwargwadon nauyin ita tirelar. Wanda aka fi gani a ƙananan tirelolin Turai birki ne mai aiki da kansa: idan mota ta rage gudu, tirelar ta turo, sai wani ƙarfe a wuyanta ya shige ciki, ya ja wayar birkin tayoyinta. Aiki ne na awo da gwaji, ba na ƙirƙira a rumfar walda ba.

Masu karatu da ke da motocin da aka shigo da su daga Turai, irin su Golf da Sharan da Peugeot 406, su nemi wani ɗan faranti ko takarda da ke liƙe a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙarfen ƙofa. Akwai lambobi huɗu na kilo a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da lodinta, ta biyu iyakar motar da tirela a haɗe, sauran biyun na tayoyin gaba da na baya ne. Ka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kimanin nauyin tirela mai birki da motar za ta iya ja. A Ingila, inda jan ƙaramar tirela ya zama ruwan dare, doka ta ce marar birki kada ta wuce kilo 750, kada kuma ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta. Wannan ƙa'ida ta rabin nauyi mai sauƙin riƙewa ce ga wanda littafin motarsa ya ɓata, amma inda kamfanin motar ya ba da lambar da ta fi ta ƙanƙanta, kamar a motarka, tasa ake bi.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin lodi, ido yana yaudara ƙwarai. Ɗauki tirela mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya, zurfin santimita 40. 'Yar ƙarama ce a ido. Ka cika ta da yashi, ka ɗora mata kusan kilo 900. Duro ɗaya na ruwa kilo 200 ne. Buhun masara kilo 100. Don haka abu na farko da za ka yi bayan an gama haɗa tirelar shi ne ka auna ta babu kaya. Idan kana da hanyar shiga wani kamfanin casar shinkafa mai sikelin da mota ke hawa, madalla. Idan babu, sikelin masu hatsi ya isa: ka ɗora taya ɗaya a kansa, ɗayar a kan katako mai tsayi ɗaya da sikelin don kada tirelar ta karkace, ka rubuta, ka juya ka auna ɗayar, sannan ka auna hancinta, wato gabanta da ke haɗuwa da mota. Ka haɗa ukun. Ka sa mai fenti ya rubuta lambar da manyan haruffa a jikin tirelar, tare da adadin buhun da aka yarda, saboda wata rana ɗanka ko ƙanenka ne zai yi lodin ba ka nan.

Yanzu maganar ƙugiya, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Na taɓa raka wani abokina wurin mai walda, ya kai motarsa a ƙara wa ƙugiyarta wuta saboda ta fara motsi. Na durƙusa na leƙa ƙasa. An liƙa ƙarfen ne a jikin ramin da safaya ke zama, farantin da bai fi kaurin murfin tukunya ba. Waldar kanta tana nan daram, ba ta saki ba. Farantin motar ne ya tsage a gefenta, tsaga siririya kamar zare, mai tsawon ɗan yatsa, tsatsa ta bi ta ta yi ja. Da na kama ƙugiyar na girgiza, sai tsagar ta buɗe ta rufe kamar bakin kifi. Da wannan abokin nawa yake hawa babban titi.

Corolla ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura ko babbar mota. Jikinta gaba ɗaya faranti ne marar kauri da aka lanƙwasa aka haɗa, kuma zafin walda yana raunana irin wannan ƙarfen a daidai inda aka ƙona. Bamba kuwa roba ce, ƙarfen da ke bayanta an yi shi ne don ya lotse idan an yi karo, ba don ya ja kaya ba. Ga tankin mai a kusa, ga na'urorin motar da wutar walda ke iya lalatawa. Abin da ya dace shi ne ƙarfen ja na kamfani wanda aka ƙera domin wannan ƙirar motar, ana ɗaure shi da noti a ramukan da aka tanada a jikin manyan ƙarafan ƙasa, dama da hagu. Ka bincika a Kofar Ruwa, ko Panteka idan ka shiga Kaduna, ko ka sa a yo maka odarsa. Ka duba kan kowace kusar ɗauri ka ga an buga 8.8 ko sama da haka. Mai walda ya haɗa jikin tirela idan gwani ne, amma kada wutarsa ta taɓa motar.

Kuma ba ƙugiya ake so ba, ƙwallon ƙarfe ake so, tare da hular da ke hawa kansa ta kulle. Shi ke ba tirela damar juyawa a kwana da hawa da sauka ba tare da ta yi ta fizgar mota ba. A nan akwai wani tarko da kasuwarmu ta kayan gauraye ke jefa mutane a ciki. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne, kuma biyu daga ciki sun yi kama da na Turai a ido: mai inci 2, wato milimita 50.8, da wanda ya gaza shi kaɗan, mai kimanin milimita 47.6. Hula mai inci 2 za ta hau kan ƙaramin ƙwallon, har ta yi kamar ta kulle, amma rami ɗaya ya isa ya cire ta. Ana buga girman a kan ƙwallon da kuma jikin hular. Ka karanta, su zama ɗaya. Duk lokacin da ka haɗa, ka kama hancin tirelar ka ɗaga da ƙarfi. Idan ta kulle da gaske, bayan motar zai biyo ka sama. Sannan ka sa sarƙa biyu masu kauri daga wuyan tirelar zuwa ƙarfen jan, ka gicciya su a ƙarƙashin hancin, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, yadda idan hular ta fita hancin zai faɗa kan sarƙar, ba zai caki kwalta ba. Su yi sakin da zai ba ka damar shan kwana, amma kada su ja ƙasa.

Yadda ake jera kaya shi ne ilimin da masu amalanke suka riga mu sani. Idan aka tura kaya baya da yawa, sandunan amalanke sukan ɗaga sama, har ka ga jakin yana neman rasa ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Idan aka tara su a gaba, sai su danne masa baya. Haka tirela take. Ana son ta danna ƙwallon ƙasa, amma da awo: kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta. Ga tirela mai kilo 450, wajen kilo 45 ke nan, kuma a motarka kada ya taɓa wuce kilo 68. Hanyar samun haka ita ce ka sa kusan kashi 60 na kayan a gaban aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, 40 a bayansa, mafi nauyin kuma a ƙasa, daf da aksil ɗin. Injin ban ruwa ya zauna a tsakiya, ɗan gaba kaɗan, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu, domin kayan da ke zamewa suna canza lissafin a tsakiyar tafiya.

Aunawa ba wuya. Ka samu sikelin da mutane ke hawa su ga nauyinsu, ka yanki guntun katako yadda idan ka tsayar da shi a kan sikelin zai kai tsayin ƙwallon motar. A wuri mai daidai, ka sa wa tayoyin tirelar waigi, ka sauke hancinta a kan katakon, ka karanta. Idan ya gaza, matso da buhu ɗaya gaba. Bayan sau biyu ko uku hannunka zai san nauyin.

Kada ka manta wannan kilo 45 ɗin a kan motar yake, yana cikin lissafin lodinta. A jikin ƙarfen ƙofar direba akwai takarda da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya, kuma a Corolla bai kai kilo 400 ba. Manya huɗu da hancin tirela sun kusa cinye shi. Dabarar "biyar a tirela, biyar a but" ba ta fitar da kai ba: bayan motar zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa.

Dalilin duk wannan awon shi ne tangaɗi, kuma shi ne abin da ya fi kifar da masu jan tirela. Yakan fara a hankali. Za ka ji kamar wani ya kama bayan motar yana ɗan girgiza ta. Ka kalli madubi, ka ga tirelar ta leƙo ta dama, ta koma, ta leƙo ta hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Idan aka yi rashin sa'a, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ta fara jan bayan motar tare da ita. Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne: nauyi a baya, gudu, taya mai ƙarancin iska, gangara, da iskar babbar mota. A titin Kano zuwa Zariya wannan na ƙarshen kullum ne. Tanka ko doguwar bas ta wuce ka da gudu, iskar gabanta ta ture ka, ta bayanta ta janyo ka. Kowace haɗakar mota da tirela tana da wani gudu da idan an wuce shi tangaɗin ba ya mutuwa da kansa, sai dai ya ƙaru, kuma mummunan lodi yana sauko da wannan iyakar ƙasa sosai.

Idan ya same ka, jikinka zai ce ka taka birki ka murza sitiyari. Kada ka bi shi. Ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari da hannu biyu a miƙe, ka bar motar ta rage gudu da kanta. Kada ka yi ƙoƙarin bin tirelar da sitiyari, domin kafin hannunka ya kai ta riga ta juya, sai ka ƙara mata ƙarfi. Za ka ji wasu direbobi na cewa a ƙara wuta tirelar za ta miƙe. Ƙaramar mota ba ta da wannan ƙarfin, abin da za ka samu kawai shi ne haɗarin ya same ka a gudu mafi yawa. Idan ta lafa, sauka gefen titi, ka duba iska, ka matso da kaya gaba, sannan ka ci gaba a ƙasa da gudun da abin ya faru.

Gudu nawa ke nan? Littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ya ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Manyan tireloli da tankoki 60 ya ba su a babban titin, motar da ke janye da wata motar kuma 45. Littattafan Toyota na shekarun motarka sun ce mai jan tirela kada ya wuce mil 45, kimanin kilomita 72. Shawarata a kan hanyoyinmu, da tirelar haɗin gida marar birki, ita ce 60, idan ka sauka kwalta ka shiga hanyar gona kuma ka koma tafiyar keke. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi: a 100 yana kusan ninka na 60 sau uku. Ga kuma tirelar ta ƙara wa birkin kimanin kashi ɗaya cikin uku na aiki. Ka bar tazarar daƙiƙa huɗu zuwa biyar tsakaninka da na gabanka. Za a yi ta shiga gabanka, ka bar su, ka sake buɗe tazarar.

Giyar otomatik zafi ne ajalinta, kuma a watan Afrilu, lokacin da Kano ke kai maki 40, jan kaya yana dafa man giyar. Kafin ka fara, bakanike ya duba man giya. Idan ya yi baƙi ko yana warin ƙuna, a canza. A duba lagireto da fanka. A jikin sandar giyar motarka akwai ɗan maɓalli da idan ka danna za ka ga O/D OFF ya kama a gabanka. Danna shi duk lokacin da kake ja, zai hana motar yawan hawa da sauka tsakanin giya ta uku da ta huɗu, ya kuma sa injin ya taimaka wajen rage gudu. Idan allurar zafi ta fara hawa, kashe na'urar sanyi, nemi wuri ka tsaya, kuma kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Ƙasar Kano shimfiɗe take, amma wata rana tafiya za ta iya kai ka hanyar Jos. A gangara irin ta Hawan Kibo, ka sa giya a 2 tun daga sama, ka riƙa taɓa birki kana saki. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga sama har ƙasa, zafi zai kashe masa shi. Man birki irin DOT 3 idan sabo ne sai zafi ya wuce maki 205 yake tafasa, amma yana shan danshi, kuma wanda ya tsufa yana iya tafasa a wajen 140. Idan ya tafasa ƙafarka za ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. In ba ka san ranar da aka canza naka ba, canza shi.

Tayoyin tirela su ne inda ake yawan yin arahar da ba ta ado, a ɗauko waɗanda mota ta gama cinyewa a ce ai tirela ce kawai. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko ta fara tsattsagewa a gefe, ka bar ta, komai kyan zanenta. Akwai kuma lambar ƙarfin ɗauka bayan girman tayar: 82 na nufin kilo 475, 88 na nufin 560. Ka auna iska da safe kafin tayoyin su ɗau zafi, na mota da na tirela. Ka tanadi safaya ta tirelar da sifanar da ta dace da notinta. A tafiyar farko, bayan kilomita 10 ko 15, tsaya ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi ba ne. Idan ba ka iya taɓawa, boris ne ke neman giris ko an ɗaure shi da yawa, kuma boris da ya ci wuta yana iya sakin taya gaba ɗaya. Bayan kamar kilomita 50 ka sake bin notin tayoyin da sifana.

Fitilu dole ne: na birki, na sigina, na dare, da abin ƙyalli ja a baya, domin tirelar za ta tare na motar, kuma a hazon hunturu ko bayan magariba wanda ke binka ba zai san akwai wani abu tsakaninku ba. Mai wayarin ya yi maka da soket na gaske da fis, ba murɗa waya da salatif ba. Kafin ka hau titi ka kai tirelar ofishin VIO su duba ta su daidaita maka takardu, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka.

A kwana, tirela tana yanke hanya, tayarta na bi ta ciki fiye da ta mota, saboda haka ka buɗe kwanar, musamman a kan siraran gadojin magudanan ruwa na Kadawa, inda taya ɗaya ke iya zamewa. Ribas kuwa sai an koya. Ka sa hannu a ƙasan sitiyari, inda kake son bayan tirelar ya nufa can za ka kai hannun, kaɗan-kaɗan. Idan ta fara naɗewa, tsaya, ja gaba, miƙe, sake farawa. Ka samu filin makaranta ranar Asabar da safe ka yi ta gwadawa babu kaya. Idan za ka kwance ta, sa waigi tukuna.

Tumatir yana da tasa matsalar. Ba nauyi kaɗai ba, tsayi: kwando bisa kwando yana ɗaga nauyin sama, kuma tirela mai tsayin kaya ita ce ke kifewa a kwana ko idan taya ɗaya ta faɗa rami. Kada ka wuce hawa biyu, ka ɗaure da igiya mai kyau, ka auna kwando ɗaya don ka san nawa ne suka cika kilo 250 ɗinka. Tankin ruwa da ba a cika ba ya fi cikakke wuyar ja, saboda ruwan yana kai da komo, yana bugun gaba idan ka taka birki. Haka rago ko akuya, sai an yi musu shinge yadda ba za su taru a baya ba.

'Yan ƙwadago kuma, a'a, Malam, ko sau ɗaya, ko daga bakin titi zuwa gona. Babu kujera, babu bel, babu abin da zai kare su, ba ka jin kiransu, ba ka ganin wanda ya miƙe tsaye. Ramin da kai za ka ji a matsayin ɗan girgiza, su sama zai cilla su. Mutum huɗu kawai sun wuce kilo 250 ɗin da muka lissafa, kuma kaya ne masu motsi. Amanar iyalan mutane ce. Su shiga cikin mota gwargwadon kujerunta, sauran ka biya musu kuɗin abin hawa.

Idan ka haɗa komai, tirelar za ta yi maka amfani a ƙananan zirga-zirga: injin ban ruwa da bututunsa, iri, maganin feshi, jarkokin mai, taki buhu biyar. Ranar buhu 15 ko babban ɗiban tumatir zuwa Kwanar Gafan, ka ɗauki hayar a-kori-kura, kuɗin bai kai na giyabos ɗaya ba. Ka koma wurin mai waldan ka ce masa ƙarama kake so, marar nauyi, aksil ɗinta ɗan baya da tsakiyar bodin, da wuraren ɗaura igiya a kowace kusurwa. Idan ya gama, ka auna ta babu kaya ka aiko mini da lambar, tare da abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofarka, sai mu sake lissafin tare.